Shirwa kaɗai muka bar wa duwatsun Kaduna

Idan ana maganar tashi sama a Najeriya, babu jihar da za ta ja da Kaduna. A Zariya aka kafa kwalejin horar da matuƙa jirgin sama tun 1964, kuma da yawa daga matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage da ke aiki yau a Legas da Abuja da Kano can aka yaye su. A cikin garin Kaduna akwai sansanin sojan sama inda ƙananan hafsoshi ke fara koyon tuƙi, ga cibiyar fasaha ta sojan saman, kuma a nan ne aka taɓa harhaɗa ƙananan jiragen koyo guda 60 da ake kira Air Beetle. Yaron da ya tashi a Mando ko Kawo ko Palladan bai san ranar da ya fara jin ƙugin jirgin koyo ba, da shi ya buɗe ido.

Sai dai duk wannan tashin a bayan shinge yake. Ko dai ka sa kaki, ko kuwa gidanku su iya biyan miliyoyin kuɗin makaranta. Akwai wani tashin, wato shawagi da fiffiken rataye (hang gliding a Turance), da ba ya bukatar inji, ba ya shan mai, ba ya neman titin jirgi, abin da yake nema kawai gangaren dutse da iska da mutumin da ya koyi karanta su. Mu da muke da duwatsun da iskar da malaman jirgi a jiha ɗaya, ko maganarsa ba ma yi. Ra'ayina shi ne ya kamata mu fara yi, kuma ba na jin kunyar faɗin haka a wannan zamani na tsadar rayuwa da fargabar hanya.

Bari in fara bayyana abin, don da yawa sun gan shi a waya ba tare da sun san yadda yake aiki ba. Fiffike ne mai siffar kusurwa uku, faɗinsa kamar mita 10, an yi ƙashinsa da bututun alminiyam, an ɗame shi da wayoyin ƙarfe, an lulluɓe da yadi mai tauri irin na filafilan jirgin ruwa. Nauyinsa tsakanin kilo 25 zuwa 35, bai kai buhun siminti ba. Idan an naɗe shi sai ya koma doguwar jaka da ake ɗaurawa a saman mota. Matuƙin yana shiga wata riga mai ɗamara, a maƙala ta a tsakiyar fiffiken da ƙugiyar ƙarfe, sai ya kasance a rataye rub da ciki, kamar ƙwarya a ragaya. A gabansa akwai sandar riƙo. Babu sitiyari, babu birki. Jikinsa ne linzamin: ya karkata dama fiffiken ya bi dama, ya jawo sandar zuwa cikinsa gudu ya ƙaru, ya tura ta gaba gudu ya ragu. Wajen tashi, yana saɓa fiffiken a kafaɗa, ya fuskanci iska, ya sheƙa da gudu zuwa gangare. Kafin ya yi taku goma ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa.

A iskar da ba ta motsi, wannan fiffiken rataye sauka kawai yake yi, amma a hankali. Duk mita ɗaya da ya yi ƙasa, yana yin mita 10 ko fiye zuwa gaba, na gasa kuwa suna kai wajen 15. Wato wanda ya taso daga tsayin mita 300 zai yi tafiyar kilomita 3, cikin minti biyar ko makamancin haka, ya dira. Da a nan abin ya tsaya, da wasan yara ne. Amma mutane suna yin sa'o'i a sama, kuma a watan Yulin 2012 wani Ba'amurke mai suna Dustin Martin ya taso daga Zapata a jihar Texas ya yi kilomita 764 kafin ya sauka, ba tare da ɗigon fetur ba. Wannan ya ninka tafiyar Kaduna zuwa Kano sau uku.

Sirrin kuwa muna ganinsa kullum a saman kwata. Ka tsaya da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya, ka kalli shirwa. Da sassafe tana kaɗa fiffike tana wahala. Da rana ta ɗaga sai ta daina. Ta shimfiɗa fikafikan, ta shiga kewaye wuri ɗaya, kana kallo tana ƙara nisa har ta zama ɗigo. Abin da ya faru shi ne rana ta gasa ƙasa, kuma ba ko'ina ne ke ɗaukar zafi daidai ba. Baƙin dutse da rufin kwano da kwalta da gonar da aka share sun fi fadama da kurmi saurin zafi. Iskar da ke kansu sai ta ɗumama, ta yi sauƙi, ta ɓalle ta yi sama kamar ginshiƙi. Shirwa ta san inda ginshiƙin yake, ta shiga ciki, ya ɗauke ta. Guguwar bazara da ke kwashe leda da karmami a tsakar kasuwa, wadda yara ke gudu suna cewa akwai aljani a ciki, gindin irin wannan ginshiƙi ne idan ya yi ƙarfi. Fararen gizagizan nan masu shafaffen ƙasa da ke jeruwa da azahar kuwa, su ne kawunansa. Mai fiffike yana ɗauke da ƙaramar na'ura mai tsiwa da ke gaya masa yana hawa ko yana sauka. Idan tsiwar ta yi sauri, sai ya karkata ya shiga kewaye, ya hau har gindin gajimare, sannan ya miƙe zuwa ginshiƙi na gaba. Haka ake haɗa kilomita ɗari-ɗari. Akwai kuma hanya ta biyu, mafi sauƙi ga ɗan koyo: idan iska ta daki doguwar fuskar dutse ba ta da inda za ta bi sai sama, don haka mutum zai iya kai da komo a gaban dutsen muddin iskar ba ta faɗi ba.

Wanda duk ya fahimci wannan zai gane cewa ƙasarmu ba ta rasa komai ba. Rana muna da ita har ta yi mana yawa. Zapata ɗin da aka kafa wancan tarihi ma ba dutse ne da ita ba, fili ne fetal mai ƙaya da zafi, ana jan mai fiffiken da igiya a kai shi sama sannan a sake shi. Duwatsu kuwa, ka bi hanyar Kaciya zuwa Kafanchan ka gani. Tsaunukan Kagoro sun tsaya a kan garin kamar bango, gefen tudun Jos ne ya gangaro ya ƙare a nan, ga fili shimfiɗe a ƙasansu. Ga duwatsun Kajuru, ga na ƙasar Jaba inda ƙauyen Nok yake, wanda sunansa ya zagaya gidajen tarihin duniya saboda mutum-mutumin yumɓun da aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza. Ga ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse kusa da Kafanchan. Ga Turunku, ga Kufena.

Kufena na fi sani, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Daga Wusasa kana ganinsa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, sai ka fara hawa ka san dutse ne. Falalen yana da santsi a inda ruwa ke bi, kuma gwiwa na fara ƙara tun ba a yi rabi ba. Yaran unguwar suna wuce ka da silifas suna dariya. A sama abu biyu ne ke fara tarbarka. Na farko iska, wadda a ƙasa ba ka ji alamarta ba, a nan kuwa tana cika maka riga tana kaɗa wando. Na biyu shara: ledar ruwa a kowane tsagi, gwangwanin lemo, da sunayen masoya da aka rubuta da fenti a jikin dutsen da ya ga zamanin sarauniya Amina. Idan ka kawar da kai daga wannan, sai Zazzau ta shimfiɗu a gabanka, ga ragowar tsohuwar ganuwa tana bin ƙasa, ga rimaye, ga gonaki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a can ne za ka kalli shirwa ta baya, tana ƙasa da kai, ka ga yadda take murɗa jelarta kaɗan-kaɗan tana gyara hanya. Ba na ganin Kufena a matsayin wurin tashi da fiffike, don jiragen koyo na kwalejin suna shawagi a wannan sarari kuma tsayinsa bai taka kara ya karya ba. Amma wurin koyon hawa ne, wurin da yaro zai fara sanin cewa iska tana da hanya da lokaci.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Na farko, ana ta kai wa yake ta kaya. Jihar da aka tare jirgin ƙasa a watan Maris na 2022 aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji, jihar da aka kwashe ɗaliban Afaka a 2021 da na Kuriga a 2024, ita ce za a zo ana yi mata tallan yawon dutse? A Kajuru ɗin da na ambata ma, a watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun afka wa gidan shaƙatawar nan mai kama da fadar Turawan da, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse, suka kashe mutum biyu, ɗan Najeriya da 'yar Ingila. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya daɗe da fita daga lissafin masu yawon buɗe ido. Kuma tun abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, lokacin da jirgi mara matuƙi na soja ya saki bam a kan masu Mauludi, ɗan ƙauye a jihar nan idan ya ga baƙon abu a sama ba sha'awa ce ke fara zo masa ba.

Duk gaskiya ne, kuma duk wanda ya ɗebi 'ya'yan mutane ya kai su dutsen da bai san halin da ake ciki ba, shi ma mai laifi ne. Mai hawan dutse ba ya korar ɗan bindiga, aikin hukuma ne wannan. Amma ina so a lura da yadda muka yi asarar dazuzzukanmu da tsaunukanmu. Ba rana ɗaya aka ƙwace su ba. Sai da muka daina zuwa tukuna. Ma'aikacin gandun daji ya koma ofis a gari, hanyar da ake bi ta toshe, ɗan makaranta ya daina zuwa yawon gani da ido, ɗan birni ya ɗauki duk abin da ya wuce kwalta a matsayin wata duniya da ba ruwansa da ita. Wurin da babu mai zuwa, babu mai cin abinci da shi, babu mai tambayar lafiyarsa, shi ne wurin da mugu ke shimfiɗa tabarma. Inda aka samu sauƙi yanzu, kuma akwai wuraren da aka samu, idan ba a mayar da ƙafar mutanen kirki can ba, sauƙin ba zai yi saiwa ba. Dutsen da duk Asabar mutum talatin ke hawa, mai shayi na jiransu a gindi, maharbin garin na yi musu jagora ana biyansa, mai unguwa ya san da zuwansu, dutse ne da mutane da yawa ke da dalilin tsare shi.

Magana ta biyu ita ce ta ganganci. Wani zai jawo maka ayar Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya ce shi ke nan an rufe babi. Ba zan ɓoye ba, wasan nan yana kisa. Otto Lilienthal, Bajamushen da ya fara yin sa da ilimi, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tashin tsuntsaye dangin shamuwa, har ya tara ƙasa ya gina wa kansa tudu mai tsayin mita 15 a gefen Berlin don gwaji, ya tashi fiye da sau 2,000, amma a watan Agustan 1896 fiffikensa ya tsaya cak a iska ya faɗo, ya karye a wuya, washegari ya mutu. A farkon shekarun 1970, lokacin da matasan Amurka da Turai suka rungumi abin suna ƙera fikafikai da gora da leda, an yi ta mutuwa. Ko a 2007, wata ƙwararriya mai suna Ewa Wisnierska, wadda ke shawagi da laima (fiffiken yadi zalla mara ƙashi) a Ostireliya, hadari ya zuƙe ta ya kai ta kusan mita 10,000 sama, ta suma, ƙanƙara ta lulluɓe ta, da kyar ta sha. Wanda ya san yadda hadarin gabas ke haɗuwa a Kaduna cikin rabin sa'a a watan Mayu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To amma me ya rage mace-macen bayan shekarun 1970? Ba hana wasan aka yi ba. Masu yin sa ne suka kafa ƙungiyoyi, suka sa doka a kansu: ba a sayar da fiffiken da ba a gwada ƙarfinsa ba, ba a tashi sai da hular kwano da laimar ceto a ƙirji, ɗan koyo yana farawa a ɗan tudun da bai fi tsayin ɗaki ba, ya yi ta gudu yana faɗuwa a ciyawa har sai malami ya yarda da shi, kowane mataki da shaidarsa. Kafin kowane tashi mutum yana zagaya fiffikensa ya taɓa kowane ƙulli da kowace waya, sannan ya kwanta a cikin rigar wani ya riƙe masa hancin fiffiken, a tabbatar ƙugiyar ta kama. Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi kowanne, domin akwai ƙwararrun da suka mutu don kawai sun manta ba su maƙala kansu ba. Hukunci na malamai ne, amma ni a fahimtata wannan shi ne ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ina mamakin yadda ayar ke saurin zuwa bakinmu a kan abin da ba mu saba da shi ba, alhali muna kallon samari suna wasan mota a ranar ɗaurin aure har a take ɗan kallo, muna ganin mutum arba'in a saman tirelar shanu, muna shiga kwalekwale ba rigar ruwa, muna goya mata da 'ya'ya uku a babur babu mai hula ko ɗaya. Mu ne kuma masu sukuwa a hawan sallah da ƙwallon dawaki, inda faɗuwa ɗaya kan karya wuya, kuma muna kiran wannan jarumta, da gaskiyarmu. Mutanen da ba su san tsoro ba ne mu. Abin da muka ƙi shi ne tsari.

Wannan ne ma ya sa maganar da ta fi girgiza ni ba daga malami ko ɗan siyasa ta fito ba, daga kawuna ta fito, wanda ya yi shekaru yana gyaran jirage kafin ya yi ritaya. Na nuna masa hoton bidiyon wasu masu tashi daga dutsen Pedra Bonita a birnin Rio na Brazil, inda suke sauka a bakin teku. Ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya sake mayarwa farko.

"Kai ɗan nan," ya ce, "wannan ai lissafinsa daidai ne. Ba fiffiken nake tsoro ba."

Na ce, "To me kake tsoro, Kawu?"

"Ku nake tsoro. Ranar da bututun nan ya lanƙwashe, me za ku yi? Ku kai wa maƙeran kasuwar Panteka a miƙe muku shi, a ce ai zai yi. Yadin nan rana tana cinye shi, yana da adadin sa'o'in da zai yi a jefar. Wa zai jefar da abin da ya saya da dala? Sai a ce a lallaɓa. A ƙasa ana lallaɓawa, mota ta mutu ka sauka ka tura. A can wa za ka ce wa ya tsaya ka sauka?"

Ban da amsar da ta wuce in ce ya yi gaskiya. Amma ita wannan gaskiyar ce ta ƙara mini ƙarfin gwiwa, don shi kansa Kawu hujja ce a kan cewa ana iyawa. Shekara da shekaru yana aiki a inda ba a cewa "zai yi", inda ake ƙirga kowane kusa a rubuta a sa hannu, kuma a Kaduna ya koya, a hannun 'yan ƙasa irinsa. Irinsu suna nan da yawa a Zariya da Kaduna, sun yi ritaya suna zaune a ƙofar gida suna sauraron rediyo. Idan akwai jihar da za ta iya kafa ƙungiyar shawagi da ba a lallaɓawa a cikinta, wannan ce. Su kuwa mutanen Panteka, da hannunsu da basirarsu, akwai aikinsu: injin jan igiya, amalanken ɗaukar kaya, akwakun saman mota. Abin da ran mutum ke rataye a jikinsa ne kawai ba a yi wa dabara.

Ga masu cewa abin na Turawa ne, tarihin bai goyi bayansu sosai ba. Fiffiken da ake amfani da shi yau ya samo asali ne daga ƙirar Francis Rogallo, injiniyan hukumar binciken jirage ta Amurka wadda daga baya ta zama NASA, shi da matarsa Gertrude, a 1948, sannan wani ɗan Ostireliya, John Dickenson, ya haɗa shi da sandar riƙo a 1963. Amma shekaru dubu kafin Lilienthal, a Ƙurɗuba ta Andalus, malaman tarihi sun ruwaito cewa Abbas ibn Firnas, masanin taurari kuma mawaƙi, ya ɗaura fikafikai ya tashi daga wuri mai tsayi, ya yi 'yar tafiya a iska, ya ji ciwo a baya wajen sauka saboda bai yi wa ƙirarsa jela ba. Muna son ambaton sunansa a wajen lacca idan ana tinƙaho da abin da Musulmi suka ba duniya. Da ɗan unguwarmu ne, da mun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Yanzu ga inda na rabu da wasu abokaina masu wannan sha'awa. Su burinsu gwamnati ta shirya gagarumin biki, a gayyato Turawa, a buga a talabijin. Suna kafa hujja da Ghana, inda tun 2005 ake bikin shawagi da laima a tsaunin Odweanoma na yankin Kwahu duk lokacin Ista, ana tashi daga kan dutse a sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Bikin ya yi suna, ya kawo wa yankin baƙi da ciniki, ban musa ba. Amma akasarin matuƙan da ke ɗaukar mutane daga ƙasashen waje ake gayyato su, su yi kwanakinsu su naɗe kayansu su tafi. Mu kuma mun san halinmu da biki: a kafa kwamiti, a ɗinka riguna da huluna, a yanka kintinkiri, gwamnati ta canza, magana ta mutu. Ba na so a fara daga sama. A fara da ƙafa.

Farawa da ƙafa yana nufin a san cewa kowane dutse yana da masu shi. Wannan magana ce da ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa kanmu ba tare da kwana-kwana ba. Yawancin tsaunukan kudancin jihar nan mafaka ce ga kakannin mutanen da ke zaune a gindinsu yau, can suka hau suka tsira daga mahara masu neman bayi, kuma wasu daga maharan daga ƙasar Zazzau suka fito. Akwai kaburbura a can, akwai wuraren da ba a taka wa, akwai tarihin da bai warke ba. Mutanen Kagoro suna bikin Afan duk ranar 1 ga Janairu, kuma dutsen yana tsakiyar abin da suke tunawa. Ɗan Tudun Wada ko Unguwar Rimi da ya ɗauko jaka ya nufi can, baƙo ne, ya shiga ta ƙofa: ya gaida mai gari, ya ɗauki ɗan jagora daga garin ya biya shi kuɗin kirki, ya ci abincin garin, ya sauko da ledarsa a aljihu. Filin da mai fiffike zai sauka ma gonar wani ce, kuma idan ya tattake masa citta ko acca sai ya biya. A jihar da Rigasa da Sabon Tasha suka koma kamar ƙasashe biyu, ban raina abin da zai sa matasan ɓangarorin su kama hannun juna a kan falalen dutse ba, ko da sau ɗaya ne a wata. 'Yan mata ma suna hawa, da hijabinsu da takalmin gudu, kuma sau da yawa su ke riga samarin kai wa sama, don ba sa tsayawa ɗaukar hoto kowane taku biyar.

Kuɗi fa? Sabon fiffike dubban daloli ne, ba na talaka ba ne, kuma ba zan yi ƙaryar cewa kowa zai mallaka ba. Amma dokin ƙwallo ma ba na talaka ba ne, kuma bai hana ɗan talaka zama gwanin mahayi ba. A wurare da yawa ƙungiya ce ke sayen na koyo guda biyu ko uku, mutum ashirin su yi karo-karo. Hawan dutsen kansa kuwa takalmi ne da gorar ruwa.

Abin da nake nema a wajen hukuma kaɗan ne, kuma ba kwangila a ciki, wataƙila shi ya sa zai yi wuya. A daina ba masu fasa dutse lasisi ido rufe, domin akwai duwatsun da idan aka mayar da su tsakuwa an yi asararsu har abada, kuma nakiya ba ta tambayar tarihi. A fitar da ƙa'ida bayyananniya tsakanin hukumar kula da sufurin jiragen sama da sojoji a kan inda aka yarda a tashi da lokacin da aka yarda, tun kafin wani yaro mai zafin kai ya sayo tsohuwar laima ta intanet ya tashi kusa da bariki a harbo shi. Tun 2016 hukumar ta hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izini, don haka ba sabon aiki ba ne a wajenta. Sannan a auna iska. Hunturu yana zuwa da hazon da ke rufe dutse, bazara tana da ginshiƙai masu ƙarfin da za su fi ƙarfin ɗan koyo, damina tana da hadari, kaka ce ke da sararin sama garau bayan ruwa ya ɗauke. Amma kowane gangare da halinsa, kuma ba a gane shi da ido daga cikin mota. Ana kafa na'urar auna iska ne a kan dutsen, ta shekara guda ko biyu tana rubuta ƙarfinta da inda take fitowa, safe da rana da yamma. Kwalejin Zariya tana koyar da ilimin yanayi, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Na'urar da za ta yi wannan aiki a kan tsaunin Kagoro, da ɗan faifan hasken ranarta, kuɗinta bai kai na sabon babur ba.